Zaɓen dillalin gida: tambayoyi da amsoshi ga mai saye da mai sayarwa

Yawancin mutane sau ɗaya ko sau biyu suke sayen gida ko sayar da shi a tsawon rayuwarsu. Shi kuwa dillali da wannan ya kwana, da shi ya tashi. Ya san unguwa, ya san farashi, ya san inda takarda take da rami, kai kuwa baƙo ne a kasuwar. Saboda wannan tazarar ake nemansa, ta cikinta kuma ake cutar mutane. Na sayar da gida na sayi wani, kuma tun daga lokacin 'yan'uwa da abokai suke yi mini tambayoyi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Wai dole ne sai da dillali ake cinikin gida?

Ba dole ba ne. Idan maƙwabcinka ne zai saya, kun daidaita a kan kuɗi, lauya kawai kuke buƙata. Amma irin wannan ciniki bai da yawa. Mai sayarwa yawanci bai san abin da gidansa zai yi a kasuwa ba, bai kuma san inda masu kuɗi a hannu suke ba. Mai saye ba ya sanin tarihin gida: wa ya taɓa tayawa ya fasa, me ya sa ya fasa. Sannan mutum ba ya iya jin ana kushe gidan da ya raini 'ya'yansa a ciki ransa bai ɓaci ba. Dillali ne yake tsayawa a tsakiya, ya karɓi magana da zafinta, ya isar da ita da sanyi, ciniki bai watse ba.

Shi dillalin, wa yake yi wa aiki?

Kafin ka tambaye shi shekararsa nawa a sana'a, tambaye shi abu biyu: wa kake wakilta a wannan ciniki, kuma wa zai biya ka? Mutane da yawa sukan ga allon talla a jikin gida, su kira lambar, mutumin ya zo da fara'a ya zagaya da su ɗaki-ɗaki, sai su ɗauka nasu ne. Mai gidan ne ya ɗauke shi, aikinsa ya samo wa mai gida kuɗi mafi tsoka. Idan ka saki baki ka ce masa, "Gaskiya iyalina sun ƙyalla ido a kan gidan nan, in ta kama zan ƙara," to maganar ta isa kunnen mai gida kafin ka kai bakin titi. Kuma bai ci amanarka ba, don tun farko amanar wani ce a hannunsa.

Ko wanda kai ka ɗauka ma, ka san yadda lissafinsa yake tafiya. Ba ya samun komai sai ciniki ya faɗa. Mu ɗauka an taya gidanka 1,000, la'adarsa kashi 3 cikin 100, wato 30. Idan aka yi haƙurin wata guda aka samu mai biyan 1,050, kai ka ƙaru da 48.5, shi kuwa da 1.5 kacal, bayan wata guda na zirga-zirga da buɗe ƙofa da amsa waya, ga fargabar mai tayin farko ya tafi ba a samu wani ba. Ka ga ke nan abin da ya fi masa shi ne ka sallama yau. Ba sai mugu ne zai ce maka "karɓi kawai" ba, lissafin ne yake tura shi.

An ma auna wannan. Wasu masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Chicago, Steven Levitt da Chad Syverson, sun bi diddigin cinikin gidaje kusan 100,000 a kewayen birnin Chicago na Amurka, suka wallafa sakamakon a 2008. Sun gano cewa idan gidan kansa dillali yake sayarwa, yakan bar shi a kasuwa kimanin kwana 9 da rabi fiye da na waɗanda yake yi wa aiki, ya kuma sayar da shi da ƙarin kimanin kashi 3.7 cikin 100. Wato ya san amfanin haƙuri sarai, in dai ribar aljihunsa za ta shiga gaba ɗaya.

Ban kawo wannan don a guji dillalai ba. Na kawo shi don ka san wanda kake nema: mutumin da sunansa ya fi masa la'adar ciniki ɗaya daraja, wanda yake hangen bayan shekara biyar za ka turo masa ƙaninka. Irinsa ne zai iya ce maka "kada ka sallama tukuna", alhali sallamawar ce abincinsa.

Ya ce zai tsaya mana mu biyu, ni da ɗaya ɓangaren. Akwai laifi?

Mai sayarwa yana son kuɗi ya hau, mai saye yana son ya sauka, taura biyu kuwa ba sa taunuwa. Iyakar abin da mai gaskiya zai iya shi ne ya zama ɗan aike, ya kai magana ya kawo magana, ba ya ba kowa shawara. To shawarar ita ce rabin abin da kake biya. Lardin British Columbia na Kanada ya hana wannan tsari a 2018, in ban da a lungunan da dillalai suka yi ƙaranci, wasu jihohin Amurka ma sun hana. A wurare da yawa kuwa doka ta yarda muddin an sanar da ɓangarorin biyu. In ka samu kanka a ciki, a rubuta cewa kowa ya sani, ka bar iyakar kuɗinka a cikinka, ka ɗauki lauyanka na kanka.

A ina zan samo wanda zan yarda da shi?

Wajen waɗanda suka gama ciniki da shi. "Mutumin kirki ne" daga bakin abokin hirarsa ba shaida ba ce a kan aiki. Nemi wanda ya sayi gida ko ya sayar cikin shekara ɗaya ko biyu a yankin da kake so, ka tambaye shi: da za ka sake, shi za ka kira? Jim ɗin da ya yi kafin ya amsa ma amsa ce. Zagaya unguwar ka ga allunan wa suke sauka da wuri, na wa kuma rana ta koɗar da rubutunsu. Lauyoyin da ke rubuta takardun cinikin gida su ma sun san wanda cinikinsa ke ƙarewa lafiya. A intanet kuma na fi karanta ƙorafi a kan yabo, in ga abin da aka yi kuka da shi da yadda ya amsa. Sannan ka zauna da mutum uku kafin ka tsai da ɗaya.

Ɗan'uwana dillali ne. Ba zai ji haushi ba idan na ba wani?

Zai iya ji. Amma tambayi kanka: idan wata uku suka wuce bai taɓuka komai ba, zan iya karɓe aikin daga hannunsa mu ci gaba da gaisawa? In amsar a'a ce, haushin yau ya fi na gobe sauƙi. In ka ba shi kuma, a rubuta komai kamar yadda za a rubuta da bare. Zumunci ya fi lalacewa a inda aka ce "ai mu ba sai mun rubuta ba".

Lasisi fa? Kowane dillali ne yake da shi?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka kowace jiha ce take ba da lasisi bayan karatu da jarrabawa. A Faransa, tun dokar 1970 da ake kira dokar Hoguet, ba a dillancin gida sai da katin sana'a, kuma sai da rubutaccen izinin mai gida. A Afirka ta Kudu wanda ba shi da takardar shaidar asusun lamunin sana'ar, wato asusun da ake biyan wanda dillali ya cinye wa kuɗi daga cikinsa, ba shi da haƙƙin karɓar la'ada, ko da shi ya haɗa cinikin. Ingila ba ta neman jarrabawa, sai dai tun 2008 dole dillalin gidaje ya shiga wani tsarin sauraron ƙorafi da gwamnati ta amince da shi. Akwai kuma ƙasashe da yawa da duk mai waya da baki zai wayi gari ya ce shi dillali ne.

Binciki yadda abin yake a inda gidan yake, ka karɓi lambar rajistarsa ka duba da kanka a wajen hukumar. Lasisi ba ya mai da maƙaryaci mai gaskiya, amfaninsa shi ne mutumin yana da abin da zai rasa, kai kuma kana da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Inda babu lasisi, nemi madadinsa: ofishin da aka san shi da shi shekara da shekaru, da mutanen da za su tsaya masa.

Me zan tambaye shi a zaman farko?

Gida nawa ka sayar a wannan yanki bara, nawa aka sa musu da farko, nawa aka sallama, kwana nawa suka yi a kasuwa? Mai aiki yana da waɗannan a ka ko a littafi. Wanda ya ce "ai ba sa ƙirguwa" bai amsa ba. Shi ne zai riƙa nuna gidan ko yaronsa zai turo? Ta ina zai tallata, wa zai biya kuɗin tallar? Nemi lambar mutum biyu da ya yi wa aiki kwanan nan, kuma ka kira su da gaske.

Tambayar da na fi amfana da ita ita ce, "Mene ne aibin gidan nan?" Kowane gida yana da shi. Wanda ya ce babu, ko bai duba ba ko lallashinka yake yi. Wanda ya ce, "Ɗakin girkin ya yi ƙanƙanta, ƙofar kuma tana kallon titi mai hayaniya, waɗannan za su rage mana masu saye," ya nuna maka zai iya faɗin abin da ba ka son ji tun bai samu aikin ba. Lura kuma ko shi yana tambayarka: me ya sa za ka sayar, yaushe kake buƙatar kuɗin, akwai bashi a kan gidan, akwai magada? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Dillalai uku sun yi wa gidana kuɗi. In ba wanda ya faɗi mafi tsada?

A nan na ƙone, don haka bari in ɗan tsaya. Lokacin da zan sayar da gidana, biyu sun faɗi kuɗi kusa da juna, na ukun ya ɗora kusan kashi ɗaya cikin biyar a kai. Ya tsaya a falo yana juyawa, yana cewa waɗancan ba su san darajar wurin ba, shi yana da masu saye a hannu. Raina ya yi fari, na sa hannu a ranar. Makon farko mutum huɗu suka zo, na biyu mutum ɗaya, daga nan shiru. Kullum da yamma sai in share ƙofar gida, in kunna fitilu, in zauna da waya a hannu. A mako na shida ya kira ya ce kasuwa ta yi sanyi, mu rage. Muka rage. Bayan wata biyu muka sake. Wata bakwai gidan ya yi, daga ƙarshe na sallama shi ƙasa da abin da biyun farko suka faɗa, gidan da na so saye da kuɗin kuma ya riga ya tafi.

Dabara ce sananniya a sana'ar: a sayi sa hannunka da romon baka, in ka shiga hannu a riƙa sauke ka a hankali. Makonnin farko su ne kasuwar gida, lokacin da duk masu nema suke ganinsa sabo. In ya wuce su ɗauke da kuɗin da ya fi ƙarfinsa, sai ya zama kwantai, mai zuwa yana tambayar me ke damun gidan nan da har yanzu ba a saya ba. Daga nan tayin wulaƙanci ake yi masa.

Ba dillali ne zai sayi gidan ba, saboda haka kuɗin da ya faɗa ba alkawari ba ne. Ce masa ya nuna maka gidaje uku ko huɗu masu kama da naka, kusa da kai, da aka sayar cikin 'yan watannin nan, da ainihin abin da aka biya. Wanda lissafinsa ya tsaya a kan waɗannan shi ne naka, ko da nasa ne mafi ƙanƙanta. Yi hattara kuma da mai karya farashi don wani nasa ya saye ya juyar. In kana shakka, biya mai ƙiyasta darajar gini mai zaman kansa, wanda ladansa bai rataya a kan ciniki ba.

La'ada nawa ce daidai, kuma ana neman ragi?

Kowace ƙasa da nata. A Ingila yawanci ba ta wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba, mai sayarwa ke biya. A Amurka an daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6, dillalin mai sayarwa ya raba da na mai saye. Tsarin ya jawo ƙararraki, har babbar ƙungiyar dillalan ƙasar ta amince a 2024 ta biya dala miliyan 418 ta kuma sauya ƙa'idojinta. Tun watan Agusta na shekarar, mai saye yakan sa hannu a yarjejeniyar da ta bayyana ladan dillalinsa kafin a fara zagayawa da shi. A Jamus, tun Disamba 2020, idan mai sayarwa ne ya ɗauko dillali ba zai ɗora wa mai sayen gidan zama fiye da rabin la'adar ba.

Ana neman ragi kusan ko'ina, amma a yi maganar kafin a fara aiki, a kuma fayyace ko haraji da kuɗin talla suna ciki. Ni dai ba na zaɓen dillali don arha. Kashi ɗaya a la'ada ƙarami ne a kan abin da gwanin ciniki zai ƙwato maka ko rago zai zubar. Wanda ka taya ladansa sau ɗaya ya zube, haka zai zube in mai saye ya matsa masa a kan kuɗinka.

Abin da ba na yarda da shi sam shi ne, "Faɗi abin da kake so a ba ka, abin da ya hau nawa ne." Da jin sa kamar sauƙi, amma daga ranar ribarsa ta koma cikin ɓoye maka darajar gidanka da abin da aka biya. In kana son ƙarfafa masa gwiwa, ku yi a fili: la'ada kaza har zuwa farashi kaza, in ya haura kasonsa ya ƙaru, komai a rubuce, kai kuma kana ganin kuɗin.

In ba mutum ɗaya, ko in baza wa da yawa?

In ka baza, babu wanda zai kashe kuɗinsa da lokacinsa a kan gidan da wani zai iya riga shi sayarwa. Gida ɗaya ya bayyana a wuri biyar da farashi uku, mai saye ya ga alamar matsuwa. Sai 'yan kayi-nayi su shigo, wannan ya gaya wa wancan, kowa ya ɗora nasa, ranar biya mutum shida su tsaya kowa yana cewa shi ya kawo mai saye. Na fi son mutum ɗaya da gajeren wa'adi, wata biyu zuwa uku, in ya yi ƙoƙari a sabunta.

Me zan duba a takardar yarjejeniya?

Ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kada ta zama mai sabunta kanta in ka yi shiru. Sai lokacin da la'ada take wajaba: bayan an kammala ciniki kuɗi ya shiga. Wasu takardun suna cewa ka biya da zarar an kawo mai saye da ya shirya, ko da cinikin ya rushe daga baya; a goge wannan layin. Duba ko za ka biya shi in kai da kanka ka samo mai saye. A Ingila an bambanta tsakanin ba dillali wakilci shi kaɗai da ba shi haƙƙin sayarwa shi kaɗai, kuma a na biyun sai ka biya ko da ƙaninka ne ya saya.

Akwai sharaɗin da ke bin ka bayan kun rabu: in wanda ya taɓa nuna wa gidan ya dawo ya saya, la'ada tasa ce. Wannan adalci ne, don kada a zagaye wanda ya yi gumi. Amma a sa masa iyakar watanni, in ba haka ba kana iya biyan dillali biyu a ciniki ɗaya. A rubuta kuma cewa duk tayin da aka yi, babba ko ƙarami, zai kawo maka. Kada ka sa hannu a zaman da aka miƙo maka takardar. Tafi da ita gida, lauya ya gani.

Ni mai saye ne. Ta yaya zan gane nagari tun muna duba gidaje?

Da abin da yake nuna maka wanda ba ka tambaya ba. Matar da ta samo mini gidan da nake ciki, akwai ranar da ta kai ni wani da na gani a hoto na ƙwallafa rai. Fenti sabo, ko'ina fes. Muna shiga ɗaki na biyu sai ta yi shiru, ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a ƙasan bango, ta ɗan jima, ta ce, "Malam, zo ka taɓa nan." Bangon da sanyi kamar gindin randa, fentin ya ɗan kumbura in ka kalle shi ta gefe. Ta ja labule ta nuna mini inda ruwan rufin maƙwabci yake zuba a gindin ginin. Ta ce, "In kana so a taya, a taya, amma sai mai duba gini ya zo. Ni dai da kuɗina ba zan saya ba." Ta yi asarar la'adar wannan rana. Bayan wata biyu ta samo mini wani, kuma mutum uku na tura mata tun daga lokacin.

Nagari yana jin iyakar kuɗinka ya tsaya a kai, ba ya fara kai ka gidan da ya fi ƙarfinka don sauran su yi maka muni. Yana ce maka ka dawo da daddare ka ji unguwar, ka dawo ranar da aka yi ruwa ka ga inda yake kwanciya. Yana barinka ka yi magana da maƙwabta. In kana nesa, ba ya ce maka ka biya a kan hoto da bidiyo. Tura wanda ka yarda da shi ya taka wurin da ƙafarsa, kada a yi cinikin biri a sama.

Ya ce wani yana zuwa da kuɗi gobe, in ban biya yau ba gidan ya tafi.

Wani lokaci gaskiya ne, gida mai kyau ba ya jira. Amma wanda ake kora ba ya karanta takarda, su ma macuta sun san haka. Ko gaskiya ne ko ƙarya amsarka ɗaya ce: ga tayina, zan biya da zarar lauyana ya tabbatar da takardu. In gidan ya tafi saboda binciken kwana uku, gida ka rasa. In ka biya ba bincike, kana iya rasa gidan da kuɗin.

In ba dillali kuɗin a hannunsa?

Kuɗin gida ba ya bi ta aljihun dillali. Ko kafin alƙalami ne, ya shiga asusun amana na lauya ko wani asusun ajiya da doka ta sani, da rasit, da rubutaccen sharaɗin yadda zai dawo in ciniki bai yiwu ba. Ka nace sai ka ga mai gidan ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya dace da na takardar mallaka. In wakili ne, ina takardar wakilci? In gidan gado ne, duk magada sun yarda? Dillalin da kullum yake da dalilin hana ka ganin mai gida, akwai abin da ba ya so ku faɗa wa juna, yawanci farashi ne. Wata satar kuma ta intanet take zuwa: ana gab da biya sai saƙo ya shigo da sunan dillali ko lauya, wai an canza lambar asusu. Kada ka tura, kira su ta lambar da ka sani tun da.

Ya ce yana da lauya da mai duba gini, ba sai na wahala ba.

Karɓi sunayen, ka gode, ka tambaye shi kai tsaye ko ana ba shi wani abu in ya tura musu mutum. Aikin lauya da mai duba gini shi ne su ce "tsaya" in sun ga matsala, wanda kuwa aikinsa na gaba yake hannun dillalin zai ji nauyin faɗin haka. Waɗannan biyun ka samo su da kanka, ka biya su da kanka. In dillali ya ce "takardu lafiya lau", ra'ayinsa ya faɗa. Tabbaci yana ofishin rajistar filaye da binciken lauya, inda za a ga ko gidan yana jingine a banki ko ana shari'a a kansa.

Na riga na ba wani, kuma ban gamsu ba. Yaya zan yi?

Fara tantance laifin na wa ne. In ana zuwa dubawa ba a tayawa, yawanci farashi ne ko wani aibi a gidan, canza dillali ba zai gyara ba. In ba a zuwa sam, ba ya kiranka sai ka kira, ko ka ji a bakin wani cewa an yi tayi bai gaya maka ba, wannan nasa ne. Faɗa masa a fili, ku sa mako biyu da abubuwan da za a gani a ƙasa.

In bai gyaru ba, bi hanyar fita da takarda ta tanada. A Faransa, misali, doka ta ba ka damar janye wakilcin da ka ba mutum ɗaya bayan wata uku, da sanarwar kwana 15. Rubuta sanarwar ka ajiye kwafi, kada kuma ka sa hannu da sabo sai wa'adin tsohon ya cika. Karɓi sunayen waɗanda ya nuna wa gidan ka ba sabon ya gani. Ya sauke allonsa da tallarsa ta intanet, ya dawo da kwafin takardunka, sannan ka ƙirga makullan da ka ba shi. In ɗaya ya ɓata, canza kwaɗon ƙofar kafin mai dubawa na gaba ya zo.